Ruwa na Ƙasa Sai ga Wanda Bai Tona Ba: Darasi Daga Wata 'Yar Kaskar Ƙasa

A shekarar 2014 wata mujallar kimiyya mai suna Journal of Natural History ta buga bayanin wata 'yar halitta wadda kafin wannan lokaci babu littafin da ya san da zamanta. Tsawonta bai wuce kashi 6 cikin 10 na milimita ɗaya ba, wato sai an jera kamar 17 daga cikinsu, kai da gindi, kafin su cika santimita ɗaya a kan rula. Ba ta da ido, jikinta dogo ne mai taushi kamar na tana, amma kuma tana da ƙafafu takwas. Masanan da suka bayyana ta, wato Samuel Bolton da Hans Klompen da Gary Bauchan da Ronald Ochoa, sun raɗa mata suna Osperalycus tenerphagus.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a labarinta shi ne wurin da aka same ta. Bolton, wanda a lokacin ɗalibi ne mai neman digiri na uku, ya tono ta ne a wani fili da ke harabar Jami'ar Jihar Ohio, a birnin Columbus na ƙasar Amurka, tsallaken titi kawai daga wani ɗakin bincike da ya yi suna a duniya wajen nazarin irin waɗannan halittu. Masana sun yi shekara da shekaru suna kai da kawowa kusa da ita, ba wanda ya san tana nan. Gaskiyar masu iya magana da suka ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, muna yi wa darasin rabe-raben halittu riƙon sakainar kashi a makarantunmu. Mun mayar da shi jerin sunayen Latin da ɗalibi zai haddace daren jarrabawa ya manta da safe, alhali kuwa aiki ne na ido da hannu da tunani, wanda har gobe ba a gama shi ba, kuma noma da kiwo da lafiya duk suna jingine da shi. Labarin wannan 'yar halitta ya isa hujja, don haka bari mu bi shi daki-daki.

Wace ce kaskar ƙasa?

Kowane ɗan makiyayi ya san kaska, wadda ke maƙale wa saniya ko kare tana shan jini. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kaska 'yar wani babban dangi ce da masana ke kira Acari, kuma mafi yawan 'yan'uwanta ƙanana ne ƙwarai, ba su shan jinin kowa. A cikinsu akwai wadda ke shiga fatar mutum ta haddasa ƙazwa. Akwai kuma jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski, wanda ke fitowa bisa rairayi bayan ruwan farko na damina, yara suna ɗauka suna wasa da shi. Amma mafi yawa daga cikinsu a cikin ƙasa suke zaune, tsakanin ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da ƙwayoyin yashi. Su ne za mu riƙa kira kaskar ƙasa a nan.

Ko da yake a maganar yau da kullum duk ƙwari muke ce musu, a wurin masana ba ajinsu ɗaya da fara ko ƙuda ko tururuwa ba. Ƙwaro na sosai ƙafafunsa shida, jikinsa ya kasu kashi uku, wato kai da ƙirji da ciki, yana da 'yan ƙahoni biyu na sansano abu, kuma sau da yawa yana da fukafukai. Dangin kaska kuwa ajinsu ɗaya da gizo-gizo da kunama: babba ƙafafunsa takwas, babu ƙahonin sansano, babu fukafukai. Jikinsu kashi biyu ne, sashen baki da gangar jiki. A sashen baki akwai wasu gaɓoɓi biyu masu kama da awartakin maƙeri, waɗanda masana ke kira kelisera, sa'an nan a gefensu akwai wasu 'yan hannuwa biyu na lalube. Wani abin lura kuma shi ne, idan ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan da ya fito ƙafafunsa shida ne, sai ya yi saɓa sa'an nan ya sami cikon biyun. Ɗalibin da bai san wannan ba yana iya ƙirga ƙafafu ya yanke hukuncin da ba shi ba.

Ya zuwa yanzu an bayyana fiye da nau'i 50,000 na dangin kaska, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa waɗanda ba a bayyana ba sun ninka wannan adadi sau da yawa. Tsofaffi ne kuma a doron ƙasa, domin an sami burbushinsu a duwatsun Rhynie na ƙasar Sikotilan, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 400. A dazuzzukan ƙasashe masu sanyi akan ƙirga fiye da 100,000 daga cikinsu a faɗin murabba'in mita ɗaya. Aikinsu shi ne gutsuttsura matattun ganye, da kiwo a kan fumfuna da bakteriya, wasu kuma suna farautar ƙananan tsutsotsin ƙasa. Ta haka suke taimakawa a mayar da abin da ya mutu taki.

Ƙirar jikinta

Yawancin kaskar ƙasa da ke zaune a cikin ruɓaɓɓen ganye dunƙulallu ne masu taurin baya, kamar 'yan ƙananan buzuzu, domin suna buƙatar sulken da zai kare su daga maƙiya da bushewa. Osperalycus ta bi wata hanya dabam. Mazauninta can ciki ne, ƙarƙashin inda ganye ya tsaya, inda babu haske, kuma babu wata sarari sai 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A irin wannan wuri ido ba shi da amfani, ƙiba kuwa cikas ce. Saboda haka jikinta ya zama siriri, dogo, mai lanƙwasuwa, ƙafafun kuma gajeru, sun taru wajen gaba, sauran jikin ya miƙe a baya.

Fatarta a zagaye take da zobba-zobba, kuma a kan zobban akwai wasu 'yan faifai ƙanana da suka tasa. Masanan sun nuna cewa tafiyarta ta yi kama da ta tana: tsokoki su taƙaita jikin, sa'an nan matsin ruwan da ke ciki ya sake miƙe shi, 'yan faifan nan kuma su kama ƙasar da ke gefe don kada ta zame baya. Ke nan ga halitta mai ƙafafu takwas wadda fatarta ma tana cikin kayan tafiyarta.

Bakinta ne ya ba ta suna. An gina kalmar Osperalycus a kan kalmomi biyu, os, wato baki, da pera, wato jaka ko zabira. Kalmar tenerphagus kuwa ma'anarta mai ci da tattausan hannu. Dalili shi ne, a cikin sashen bakinta akwai wani ɗan aljihu, kuma a kan hannuwan lalubenta akwai gashi mai bakin ƙoƙo. Fassarar da masanan suka yi wa wannan ƙira ita ce, tana tsintar ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya tak, irin su bakteriya da yis, ta ɗauko su a hankali ba tare da ta fasa su ba, ta saka a aljihun, sa'an nan ta sa awartakin bakin ta huda su, ta shanye ruwan. Hikimar a fili take. Wanda ya fasa ƙwai a kan yashi ya yi asara, wanda ya fasa shi a cikin kwano ya ci. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da wani abu: ƙirar aljihun an gan ta da ido a hoto, amma yadda ake aiki da shi fassara ce da aka ciro daga ƙirar. Raba abin da aka gani da abin da aka fahimta daga gare shi yana cikin ladubban farko na kimiyya.

Har ila yau, duk waɗanda aka samu mata ne, babu namiji ko ɗaya, abin da ya nuna ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ba tare da barbara ba. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a tsakanin kaskar ƙasa.

Ganin duk wannan bai zo da sauƙi ba. Madubin ilektaron, wanda ke ƙara girman abu sau dubbai, yana aiki ne bayan an zuƙe iskar da ke cikinsa ƙarƙaf, halitta mai taushin jiki kuwa idan ta shiga irin wannan hali sai ta yamutse kamar busasshen kuɓewa. Don haka aka kai samfurorin ɗakin bincike na Ma'aikatar Gona ta Amurka da ke Beltsville, inda aka daskarar da su nan take da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, aka ɗauki hotonsu suna a sandare kamar yadda suke a raye.

Ina mazauninta a cikin rabe-raben halittu?

Rarraba halittu ya yi kama da rubuta adireshi a bayan ambulan: ƙasa, jiha, gari, unguwa, gida, sa'an nan sunan mai wasiƙa. Osperalycus tana cikin masarautar dabbobi. A cikin masarautar tana reshen Arthropoda, wato masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo a waje. A cikin reshen tana ajin Arachnida tare da gizo-gizo da kunama. Daga nan sai Acari, sai rukunin Endeostigmata, sai dangin Nematalycidae, sai gidan Osperalycus, sai nau'in tenerphagus. Sunaye biyun ƙarshe su ne cikakken sunanta, bisa tsarin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya shimfiɗa, wanda masana dabbobi suka ɗauki bugu na 10 na littafinsa, na shekarar 1758, a matsayin mafarinsa.

Dangin Nematalycidae ƙaramin dangi ne, kuma tarihinsa ya fara ne a nahiyarmu. A 1954 masanin Jamus Karl Strenzke ya bayyana nau'in farko, Nematalycus nematoides, daga gaɓar tekun Aljeriya. An sami na biyu a Amurka a 1956, na uku, Gordialycus tuzetae, a Faransa a 1967, na huɗu kuma a Birazil a 1973. Daga nan sai aka yi shiru na shekara 41 kafin na biyar ya bayyana. Kafin 2014 an fi sanin wannan dangi da zama cikin yashi. Samun Osperalycus a ƙasa mai laka ya nuna cewa mazauninsu ya fi yadda aka zata faɗi, kuma rashin ganinsu ya fi alaƙa da rashin nema.

To, ta yaya masani zai tabbatar cewa abin da ke gabansa sabo ne? Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma wannan karin magana ita ce taken aikin gaba ɗaya. Da farko yakan wanke samfurin da sinadari har ya zama garai-garai, sa'an nan ya ɗora shi a kan gilashi cikin wani ruwa mai danƙo. Wani abin sha'awa shi ne, ruwan da aka fi amfani da shi, wanda ake kira haɗin Hoyer, da ƙaro ake yin sa, irin ƙaron dakwara wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke kan gaba wajen fitarwa. Daga nan sai ya zana kowace gaɓa, ya auna ta, ya ƙirga gashin da ke kan kowace ƙafa da kowane sashe na jiki. Gashin nan ba a warwatse yake ba, kowane ɗaya yana da mazauni da suna, bisa tsarin da Bafaranshe François Grandjean ya kafa a ƙarni na 20. Bayan haka sai ya gwada abin da ya samu da bayanin duk 'yan'uwan da aka riga aka sani. Idan bambancin ya tabbata, sai ya zaɓi samfuri ɗaya ya zama ma'auni, ya ajiye shi a gidan adana samfurori inda kowane masani zai iya zuwa ya duba, ya buga bayanin, ya raɗa suna bisa ƙa'idojin da masana dabbobi na duniya suka amince da su. A sha'anin Osperalycus, bambancin ya yi yawan da ba ta shiga ko ɗaya daga cikin gidaje huɗun da ake da su ba, sai da aka buɗe mata sabon gida.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka wannan adireshi an sassaƙa shi a kan dutse. Akwai wasu dangin kaska da ake kira Eriophyoidea, fiye da nau'i 4,000, waɗanda ke rayuwa a kan tsire-tsire, ƙafafunsu huɗu kacal, jikinsu kuma dogo mai zobba. A cikinsu akwai masu ɓarna ga alkama da tumatir da kwakwar Attagara, wasu har suna yaɗa cututtukan bairos tsakanin shuke-shuke. An daɗe ana ajiye su a wani rukuni dabam. A 2017 Bolton da abokan aikinsa suka kawo hujjoji daga ƙirar jiki cewa waɗannan maɓarnata 'yan'uwan Nematalycidae ne na kusa, wani bincike na sinadarin gado da aka buga a 2018 kuma ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Masana suna ci gaba da muhawara a kai, kuma haka ya kamata. Abin da nake so ɗalibi ya gani shi ne, wata 'yar halitta da aka tono a bakin titi ta sa an sake buɗe tambayar asalin wasu manyan maƙiyan manomi.

Ina amfanin wannan ga mai fama da yunwa?

Na san akwai mai cewa, ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar taki da ƙarancin ajujuwa, ina ta ga sukunin ƙirga gashin ƙafar kaska? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba ta cancanci a yi mata dariya ba, domin kuɗin bincike kaɗan ne, buƙatu kuwa ba su ƙirguwa. Amsata misalai biyu ne.

Na farko ya shafi rogo. A 1971 aka fara ganin wata koriyar kaska mai tsotsar ganyen rogo a kusa da Kampala ta ƙasar Yuganda, kuma kafin shekara goma ta cika ta iso Afirka ta Yamma, tana tsumburar da ganye tana rage amfani. Matakin farko na yaƙi da ita shi ne sanin ko wace ce. Masu rarraba halittu suka gane cewa Mononychellus tanajoa ce, wadda aka fara bayyanawa a Birazil a 1938. An ma yi jayayya a kan ko nau'i ɗaya ne ya shigo Afirka ko fiye, saboda tsawon gashin bayansu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kafin bincike ya nuna nau'i ɗaya ne. Sanin sunanta shi ya nuna asalinta, sanin asalinta kuma shi ya nuna inda za a nemo maƙiyinta. Masanan Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, wadda hedkwatarta ke Ibadan, tare da takwarorinsu na Birazil, suka gwada mafarauta iri-iri. A 1993 aka saki wata kaska mafarauciya mai suna Typhlodromalus aripo a Jamhuriyar Benin. Takan ɓuya a tohon rogo da rana, ta fito farauta da dare, kuma ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20, ta rage ɓarnar ba tare da manomi ya sayi maganin feshi ba. Da babu waɗanda suka ɓata shekaru suna bambance wannan kaska da waccan, da ba a san wadda za a ɗauko ba.

Na biyu ya shafi kiwo. An daɗe da sanin tsilar da ke zama a hanjin tumaki, amma ba a san ta inda take shiga ba. A 1937 Horace Stunkard na Jami'ar New York ya nuna cewa ƙwan tsilar da ya fita cikin kashin dabba, kaskar ƙasa mai taurin baya ce ke haɗiye shi, ya girma a cikinta, sa'an nan tunkiya ta haɗa da ita ta cinye a cikin ciyawa. Likitan dabbobin da bai san wannan 'yar halitta ba, bai san rabin rayuwar cutar da yake magani ba.

Wanda ya bayyana koriyar kaskar rogo a 1938 bai san cewa bayan shekara 33 manoman wata nahiya za su buƙaci aikinsa ba. Haka wannan fanni yake. Ribarsa ba ta zuwa ranar da aka yi shuka, amma ranar da annoba ta sauka, ba a samun lokacin fara shi daga tushe. Wani ƙiyasi da aka buga a 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 59 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a cikin ƙasa suke rayuwa. Al'ummar da abincinta ke fitowa daga ƙasa, amma ba ta san mazauna ƙasar ba, tana noma ne a cikin duhu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Ko na'ura ta ɗauke mana wannan aiki?

Akwai kuma masu cewa zamanin zane da ƙirga gashi ya wuce, tunda daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada da abokan aikinsa suka gabatar da dabarar gane nau'i ta hanyar karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, wato DNA, na'ura tana iya tantance dubban samfurori cikin ɗan lokaci. Babu shakka dabarar ta kawo ci gaba mai yawa, har ta tona nau'o'in da ido ya kasa rabawa. Sai dai abin da na'urar ke yi shi ne gwada abin da ta karanta da abin da aka riga aka ajiye a rumbun bayanai. Idan ba a taɓa bayyana halittar ba, iyakar abin da za ta ce shi ne ga wani baƙo. Ba za ta faɗi cewa baƙon yana da aljihu a baki ba, balle ta faɗi abin da yake ci. A muhawarar Eriophyoidea da muka ambata, ƙirar jiki da sinadarin gado tare suka yi aiki, kowanne yana duba ɗan'uwansa. Jami'ar da ta sayi na'ura ta bar horar da masu ido, ta sayi sirdi ne babu doki.

Abin da makarantunmu za su iya yi

Saura uzurin rashin kayan aiki. Gaskiya ne babu makarantar sakandaren da za ta mallaki madubin ilektaron. Amma kayan farko na wannan fanni masu araha ne ƙwarai. A 1905 Antonio Berlese na Italiya ya ƙirƙiro wani mazurari na fitar da ƙananan halittu daga ƙasa, Albert Tullgren na Suwidin kuma ya gyara shi a 1918 ta hanyar ɗora fitila a sama. Kowane malami zai iya haɗa irinsa. A yanke gorar roba biyu, a kifa rabin sama a cikin rabin ƙasa ya zama mazurari. A shimfiɗa guntun rariya mai ɗan faɗin ido a ciki, a zuba ƙasa da ruɓaɓɓen ganye cikin tafi biyu, a sa sifirit kaɗan a gindin gorar. A rataya ƙwan lantarki mai ɗumi a sama, nesa kaɗan, domin zafi mai tsanani yana kashe halittun kafin su sauka. Yayin da ƙasar ke bushewa daga sama, sai su yi ta gudu zuwa ƙasa har su faɗa cikin sifirit. Bayan kwana 3 zuwa 7 sai a juye a faranti, a duba da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, ko da madubin ɗakin kimiyya idan akwai. Damina ce lokacin da ya fi dacewa.

Wannan mazurari ba zai kamo irin su Osperalycus ba, domin masu zama can ciki ba su da saurin da za su tsere wa bushewa, sai dai a dama ƙasar a cikin ruwa na musamman su taso sama. Amma zai kamo 'yan'uwanta masu taurin baya, da mafarauta masu dogayen ƙafafu, da ƙananan ƙwari masu tsalle, kuma wannan ya isa darasi. A raba aji ƙungiya-ƙungiya: wasu su ɗebo ƙasa daga gindin gawo, wasu daga gonar da aka zuba wa takin gida, wasu daga filin ƙwallo, wasu daga inda aka ƙone ciyawa. Kowace ƙungiya ta ƙirga abin da ta samu, ta zana, ta raba masu ƙafa shida da masu takwas, sa'an nan ta kare rabon da ta yi a gaban aji. A kan kowace kwalba a rubuta wuri da kwanan wata da sunan wanda ya ɗebo, domin samfurin da ba shi da takarda ba shi da daraja a kimiyya. Ɗalibin da ya yi gardama da abokinsa a kan ko waɗannan biyu iri ɗaya ne, ya fahimci ma'anar nau'i fiye da wanda ya haddace ta daga allo. Gani ya kori ji.

Su kuma jami'o'inmu, nauyi biyu ne a kansu. Na ɗaya, su riƙe gurbin masu rarraba halittu a sassan nazarin dabbobi da na aikin gona, kada wanda ya yi ritaya ya tafi da iliminsa ba magaji. Na biyu, su kula da ɗakunan adana samfurori, su kuma buɗe ƙofa ga malaman sakandare da za su kawo abin da ɗalibansu suka tara. Wannan ba mafarki ba ne. A farkon shekarun 2000 Farfesa M. A. Badejo na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsa Jamusawa, sun bayyana sababbin nau'o'in kaskar ƙasa daga Nijeriya. Ƙasashe masu zafi ba su sami yawan masu bincike irin na Turai da Amurka ba, kuma ga shi dangin Nematalycidae an fi saninsu da yashi, abin da jigawar ƙasar Hausa ba ta rasa ba.

Kammalawa

Mun ga yadda ƙirar Osperalycus tenerphagus ta dace da mazauninta, daga dogon jiki zuwa aljihun baki, mun ga matakan da ake bi kafin a ba halitta suna da mazauni, mun kuma ga yadda irin wannan aiki ya ceci rogo ya kuma tona asirin tsilar tumaki. Idan har za a sami sabon gida na halitta a tsallaken titi daga ɗakin binciken da ya ƙware a kanta, to, ƙasar da ke bayan ajinku, wadda wataƙila ba a taɓa ɗora ta a ƙarƙashin madubi ba, ta cancanci a duba ta. Ina kira ga malaman kimiyyar halittu da su ware ko da mako ɗaya a zangon damina mai zuwa, su fitar da ɗalibai waje da gora da rariya da littafin rubutu. Ku kuma ɗalibai, ku koyi zane, ku koyi awo, ku koyi haƙurin zama a gaban madubi, domin da waɗannan ukun aka yi duk aikin da muka ba da labari. Allah ya ba mu ilmi mai amfani.